Riga ce ta tayar da Baba, ko gaisuwar mutane?

Malamin_Garki:
Assalamu alaikum. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma abin da ya faru a gidanmu cikin watan jiya ne ya sa na ga ya dace in kawo ta gaban manya da ƙanana na wannan zaure. Mahaifinmu ya yi jinya ta kusan wata uku bayan an gama girbi. Jiki ya yi sauƙi har aka sallame shi daga asibiti, amma sai ya zamana ba ya son fita, ba ya son hira, yana zaune a zaure tun hantsi har magariba cikin wata tsohuwar 'yar shara wadda wuyanta ya riga ya saki, abinci kuwa sai an yi ta lallashi. Ranar wata Alhamis gwaggonmu ta zo dubiya daga ƙauyensu, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ba za ta koma ba sai ta ga yayanta cikin kaya. Ita da kanta ta buɗe adakarsa ta ciro farar rigarsa mai aska biyu, ta sa aka wanke aka tsoma a bula, aka goge da dutsen gawayi, ta turara ta da dare. Da safiyar Juma'a ya yi gardama kaɗan, sannan ya sa. Da ya ɗora hula sai ya nemi sandarsa, ya ƙi hawa babur, ya taka da ƙafarsa har masallaci. Da aka sauko ya tsaya a majalisarsu har la'asar, ya dawo yana tambayar nawa ake sayar da tiyar gero, ya kuma cinye tuwonsa tas.

Tambayata ita ce, shin rigar ce ta yi wannan aiki, ko gaisuwar mutane da suka gan shi fes, ko kuwa lokacin warkewa ne kawai ya zo daidai da zuwan gwaggo? Ni kaina ranar da na shiga aji da kaya masu guga ina jin muryata ta fi ƙarfi, amma ina tsoron kada in ɗora wa yadi abin da ba nasa ba.

Uwar_Biyu_Ringim:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, Malam. Ni ba na shakka a kan wannan magana, domin duk macen da ta taɓa yin jego ta san ta. Kwana shidan farko mace tana cikin tsofaffin zannuwa, jiki ya yi tsami, barci ba ya isa, har takan ji kamar ba ita ba ce. Ranar suna kuwa, da zarar an yi mata kitso da lalle, ta ɗaura atamfar fitar suna, sai ka ga ta miƙe tana dariya da baƙi alhali ciwon da take ji jiya bai tafi ko'ina ba. Iyayenmu da suka sa wa miji wannan al'ada ta kayan fitar suna ba don almubazzaranci suka yi ba. Da na haifi tagwayena, a wata shekara da abubuwa suka yi wa maigidana tsauri, turmi ɗaya kacal ya iya saya, kuma har yau wannan zanen yana ƙasan akwatina, ko da ya koɗe ban yarda an yi tsumma da shi ba.

Manomin_Kadawa:
Ina neman afuwa, amma ni ban gamsu ba. Babu lokacin da zuciyata take fari kamar sa'ad da nake tsakiyar fadama cikin wandon da gwiwarsa ta yage da rigar da taɓo ya rine, ina kallon tumatir ya nuna. Kuma na sha sa shadda mai sitaci in tafi ɗaurin aure raina a ɓace, saboda bashin taki yana kaina. Idan da riga tana gyara zuciya, da masu kuɗin birni ba su san hawan jini ba. A ganina, Malam, mahaifinka ya ga 'yar'uwarsa ne, ya ji an damu da shi, ya kuma ga abokansa. Ko buhu gwaggon ta ba shi, in dai da wannan kulawar ce, da ya tashi.

Dan_Gujungu:
To ai kayan gonar ma kaya ne, Yaya Manomi. Ka gwada shiga fadamar da babbar riga ka gani ko zuciyar za ta yi farin da kake faɗi.

Nas_Ta_Karkara:
Ina aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye shekaru da dama, kuma ina so in ja hankalin Malamin_Garki ga wani ɓangare na labarinsa da ya fi rigar muhimmanci a wurina. Dattijon da ya tashi daga doguwar jinya, ya daina son hira, ya daina son abinci, ya daina kula da wanka da sauya kaya, yana nuna alamomin da muke lura da su idan muna zargin ciwon damuwa, wanda yakan biyo bayan rashin lafiya mai tsawo, musamman ga mutumin da ya saba shi ne mai ɗawainiya da kowa, sai ga shi ana ɗawainiya da shi. Saboda haka zaman cikin 'yar shara ɗaya alama ce tun farko, kafin ta zama sanadi. Amma abin yana zagayawa: wanda bai sauya kaya ba yana jin kunyar fita, wanda bai fita ba ba ya ganin kowa, wanda ba ya ganin kowa kuwa damuwarsa ƙaruwa take yi. Gwaggonku ta yanke wannan igiya ne ta wurin da ya fi sauƙin yankewa. Mu ma mukan ce wa masu jinya su yi wa majinyaci wanka da safe su sauya masa kaya ko da ba zai taka ƙofar ɗaki ba. Sai dai ina roƙonka ka ci gaba da sa ido. Idan bayan mako biyu ko uku ya koma gidan jiya, barci ya ƙi, ko ya fara maganganun gajiya da rayuwa, to a mayar da shi ga likita, kada a tsaya jiran wata Juma'ar.

Dalibin_Dutse:
Da izinin iyayena da ke nan, akwai wani bincike da ya shafi wannan tambaya. A shekarar 2012 wasu masana biyu a jami'ar Northwestern ta Amurka, Hajo Adam da Adam Galinsky, sun gwada ɗalibai da farar rigar nan da likitoci suke ɗorawa a kan kayansu. A gwajin farko, waɗanda suka sa rigar sun fi waɗanda ba su sa ba ƙarancin kuskure a wani aiki mai bukatar natsuwa. A gwaji na gaba riga iri ɗaya aka kawo, aka ce wa wasu ta likita ce, aka ce wa wasu ta mai fenti ce, sai waɗanda suka ɗauka rigar likita suka sa suka fi gano bambanci tsakanin hotuna biyu masu kama da juna. Abin da masanan suka fahimta shi ne, ma'anar da mutum ya ba rigar da kuma sa ta a jiki ne suke haɗuwa su yi aiki. Wannan ya yi kama da labarin Baba, domin wannan farar riga ba kowace riga ba ce a wurinsa, ita ce wadda ya saba shiga jama'a da ita lokacin da yake da ƙarfinsa.

Sai dai gaskiya ta wajaba a kaina in ƙara da cewa a 2019 wasu masanan sun sake yin gwajin farko da mutane masu yawa fiye da na da, ba su kuma sami wannan bambanci ba. Sannan abin da aka auna mayar da hankali ne, ba farin ciki ba.

Manomin_Kadawa:
Madalla da kai, ɗan samari, tun da ka faɗi na gaba ka kuma faɗi na baya. Ashe su ma masu binciken ba su gama shawara ba, balle mu.

Tela_Wudil:
Ni ina ganin an tsallake abin da ya fi kusa da jiki an tafi nesa. Kafin a zo ga ma'anar riga, akwai abin da riga take yi wa fata tun daga safe har dare. Na fi shekara 20 a kan keke, kuma abin da ya fi ba ni takaici yanzu shi ne yadda yadin roba ya cika kasuwa, yana ƙyalli kamar shaddar kirki, mutum ya saya saboda sauƙin kuɗi, ya sa a cikin watan Afrilu lokacin da zafi yake haura digiri 40. Auduga tana shan gumi ta bar iska ta ratsa, roba kuwa tana riƙe gumin tsakaninta da fata, sai mutum ya wuni kamar an ɗaure shi a leda. Irin wannan mutumin idan ya dawo gida ya daka wa yaro tsawa ba gaira ba dalili, sai a ce zafin rai ne da shi, alhali rabin abin daga wuyan rigarsa yake. Ga mai son ganewa kafin ya biya, ya roƙi mai kanti ya zare masa zare ɗaya daga bakin yadin, ya fita waje ya kusanta shi da ashana. Idan auduga ce za ta ci wuta da wari irin na takarda ta bar toka mai laushi, idan roba ce za ta narke ta dunƙule ta yi tauri, da wari irin na leda. Gezna ta ainihi, wadda ake saƙawa a ƙasar Ostiriya, auduga ce, kuma wannan na cikin dalilan tsadarta, amma ba sai mutum ya kai can ba, akwai yadin auduga mai sauƙi a Kantin Kwari ga wanda ya san abin da yake nema.

Sai kuma ɗinki. Samarin yanzu suna zuwa su ce in matse musu hannu da cinya har sai an ga tsokar jiki, in na yi magana su ce na tsufa. Wanda ba ya iya zaman tahiya cikin wandonsa sai ya yi dabara, ina natsuwa za ta fito?

Baba_Marini_Kura:
Allah ya yi maka albarka, Tela, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Jikana ne yake rubuta mini wannan, ni ina faɗa. Na tashi a karofi, mahaifina marini ne, kakana ma haka. Baba da toka da katsi muke zubawa a rijiyar rini, a bar su kwanaki suna ruɓa har kumfa ta taso, mai gwaninta yana gane ta nuna ta wurin wari da launin kumfar. Daga nan a tsoma saƙa a ɗaga ta sha iska, a sake tsomawa, domin tana fitowa kore-kore ne, iska ce take mayar da ita shuɗiya a gaban idonka. Bayan nan sai mabuga su ɗora ta a kan gungume su yi ta bugu da shuni har ta ɗauki ƙyalli kamar bayan hankaka. Wannan shi ne turkuɗi da rawanin ɗan Kura da Buzaye suke zuwa nema tun daga Agadas, kuma ba su ɗauki shunin da yake zuba a fatarsu a matsayin dauɗa ba, ado ne a wurinsu.

Abin da nake so in ce game da tambayar Malam shi ne, a zamaninmu mutum ya san rigarsa. Ya san gonar da audugar ta fito, wataƙila uwarsa ce ta kaɗa zaren da mazari, ya san masaƙin, ya san wanda ya yi masa aikin wuya, wanda kan ɗauki watanni yana yi da allura. Riga ɗaya ko biyu gare shi, amma idan ya sa ta yana jin nauyin mutanen da suka taɓa ta. Yanzu yaro yana da kala goma, kuma babu wadda zai yi kewa idan ta ɓace. Ina zaton rigar mahaifinka irin ta da ce.

Dan_Gujungu:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne yadda Buzaye suke naɗa baƙin rawani su lulluɓe jiki a cikin wannan rana ta hamada, alhali an koya mana a makaranta cewa baƙi yana jan zafi.

Dalibin_Dutse:
Yaya Dan_Gujungu, an taɓa gwada wannan ma. A 1980 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike a kan dalilin da ya sa Larabawan ƙauye suke sa baƙaƙen riguna a hamada. An tsayar da mutum a rana da baƙar riga mai faɗi, sannan da fara mai faɗi, aka auna zafin da yake isa jikinsa, sai aka tarar kusan ɗaya ne. Gaskiya ne baƙar ta fi ɗaukar zafi a bayanta, amma saboda rigar ba ta manne da jiki ba, iskar da take zagayawa tsakaninta da fata tana fitar da zafin kafin ya iso. Wato faɗin rigar ya fi launinta tasiri, wanda ya dawo da mu ga ƙorafin da Tela_Wudil ya yi a kan matsattsen ɗinki. Baƙar riga mai kama jiki a bazara kam azaba ce.

Nas_Ta_Karkara:
Tun da an gangaro kan lafiyar jiki, bari in ƙara abu uku a taƙaice. Sauro ya fi kusantar kaya masu duhu, saboda haka mai zaman hira a waje da damina gara ya sa mai haske mai dogon hannu. Kayan da ba su gama bushewa ba, ko waɗanda gumi ya jiƙa aka sake mayarwa, su ne abokan ƙyasbi da makero da ƙurajen zafi, kuma ƙaiƙayi kaɗai ya isa ya hana yaro barci ya sa shi rigima wuni guda. Na uku kuwa Yaya Manomi nake nufi da shi: rigar da aka yi feshin maganin ƙwari da ita kada a wuni cikinta, kada a rungumi yaro da ita, kada kuma a haɗa ta da wankin iyali, domin maganin yana ratsa fata, kuma ciwon kai da jiri da tashin zuciya da wasu suke ji bayan feshi ba gajiya ba ce kullum.

Hajiya_Kazaure:
Duk an yi maganar daɗin da kaya suke sawa, ba a yi maganar baƙin cikin da suke jawowa ba, kuma mu mata mun fi kowa saninsa. Sunansa anko. A bara bukukuwa huɗu aka yi a danginmu tsakanin ƙaramar salla da babba, kowanne da ankonsa, wani ma kala biyu, na kamu daban na wuni daban. Na san wata baiwar Allah da ta sayar da akuyar da take kiwo domin kada a ce ba ta fito ba, na kuma san wadda ta ƙi zuwa bikin 'yar ƙanwarta gaba ɗaya ta ce zazzaɓi take yi, alhali kuɗin atamfar ne babu. Ta wuni a ɗaki tana kuka, kuma har yau akwai 'yar tsama tsakaninta da ƙanwar. An ce an ƙirƙiro anko ne domin mai shi da marar shi su zama ɗaya a wurin biki, to amma yanzu a kan yadi ɗaya ma ana gane wadda ta kai ɗinki birni da wadda ta kai wa telan unguwa. Ranar bikin kowa tana walwala, wannan gaskiya ne, ni ma ina yi. Amma walwalar wuni ɗaya ce, adashin da aka ci kuwa sai an yi wata biyar ana zubi. Idan za a auna abin da tufafi suke yi wa zuciya, to a auna har da waɗannan watanni biyar ɗin.

Tela_Wudil:
Hajiya, ba zan musa ba, ko da yake da ankon muke ci. Na sha ganin mace ta kawo ɗinki tana ƙirga canji a bakin zane, in ji kunyar faɗin kuɗina. Mu ma muna da namu laifin, musamman a goman ƙarshe na azumi, da muke karɓar abin da ya fi ƙarfinmu. Na taɓa sa wani yaro ya yi sallar idi da tsofaffin kaya saboda ban gama nasa ba, kuma kallon da ya yi mini da safiyar nan, yana tsaye a ƙofar shago bai ce komai ba, ya sa tun daga shekarar nake rufe karɓar ɗinki tun azumi yana da kwana goma.

Malama_Bichi:
Maganar yaron nan ta tuna mini da ajina. Ina koyarwa a aji uku na firamare, kuma na lura cewa yarinyar da hijabinta ya yage ko ya yi mata kaɗan takan zaɓi bencin baya, ba ta ɗaga hannu ko da ta san amsa, kuma idan aka fita tara takan tsaya jikin bango. Akwai wata da na yi zaton ba ta da ƙoƙari, har sai da wata maƙwabciyarsu ta ba ta kayan makarantar 'yarta da ta gama. Ba sababbi ba ne, amma sun yi mata daidai kuma babu ɓula. Cikin mako guda ta dawo benci na biyu. A nan babu wata gwaggo da ta zo daga nesa, Yaya Manomi, kuma babu wanda ya yi mata gaisuwa ta musamman. Abin da ya sauya shi ne ta daina tunanin inda za ta ɓoye.

Alaramma_Gumel:
Bismillahi. Na karanta abin da kowa ya rubuta, kuma addini bai bar wannan babi a buɗe ba. A cikin Suratul A'araf, aya ta 31, Allah ya umarci 'yan Adam da su riƙi adonsu a wurin kowane masallaci, a aya ta 26 kuma ya ambaci tufafin da suke rufe tsiraici da na ƙawa, sannan ya ce tufafin taƙawa shi ne mafi alheri. A cikin Sahihu Muslim, da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi a kan girman kai, wani mutum ya ce ai mutum yana son rigarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau, sai aka amsa masa cewa Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. An kuma kwaɗaitar da mu sa fararen kaya, da wanka da turare da mafi kyawun tufafi ranar Juma'a. Saboda haka abin da gwaggo ta yi sunna ta raya, ko ta sani ko ba ta sani ba. Game da abin da Tela da Nas suka faɗa, alharini haramun ne ga maza, amma an yi wa Abdurrahman ɗan Aufu da Zubairu ɗan Awwamu rangwame su sa shi saboda ƙaiƙayin da yake damunsu, wanda ya nuna shari'a ta kula da abin da yadi yake yi wa fata. Abin da Hajiya ta kawo kuwa, ɗora wa kai abin da ba a iyawa ne, kuma mai gayyata yana da rabonsa na alhaki idan ya san halin danginsa.

Inna_Ta_Babura:
Allah ya gafarta Malam, ina da abin faɗa kuma ina da tambaya. Shekara uku ke nan da rasuwar maigidana. Da na shiga takaba, tsofaffin gidan suka ware mini zane biyu da hijabi ɗaya, suka ce da su zan zauna har in fita, ba kitso sai tsifa, ba madubi, wanka ma suka ce kada in yawaita. Wata huɗu da kwana goma na yi a haka. Ba zan ɓoye muku ba, a makonnin farko hakan ya yi mini daidai, domin ko an ba ni leshi ba zan iya sawa ba, zuciyata da tsohon zanen sun yi kama. Amma da aka shiga wata na uku, lokacin da masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa, sai zanen ya zama kamar shi ne yake riƙe ni a ƙasa. Duk sanda na dubi jikina sai mutuwar ta dawo sabuwa. Ranar da na fita, ƙanwata ta kawo mini atamfa mai ruwan ganye, aka yi mini kitso, na dubi madubi na fashe da kuka, don na ga matar da na sani, kuma na ji kamar na ci amanarsa da na ji daɗin ganinta. To ni dai na san kaya suna taɓa zuciya, ta wajen sauƙi da ta wajen nauyi. Tambayata ita ce, duk abin da aka sa ni yi ɗin nan, addini ne ko al'ada?

Alaramma_Gumel:
Allah ya jiƙansa, Inna, ya sa ya huta. Abin da aka hana mai takaba shi ne ado: turare, kwalli, lalle, kayan ƙawa irin su zobe da sarƙa, da tufafi masu launin kwalliya, kuma littafin Risala da muke karantawa a zaure ya kawo wannan a sarari. Amma wanka da sabulu, da wanke kaya, da sauya su duk sanda suka yi dauɗa, babu wanda ya hana, kuma ba a ƙayyade mata zane biyu ba. Tsafta daban, ado daban. Wannan ƙarin na mutane ne, kuma ya kamata a sauƙaƙa wa bayin Allah. Jin daɗin da kika yi ranar fita kuwa babu cin amana a cikinsa, domin wanda ya sa wa'adin shi ne ya halatta abin da yake bayansa.

Mai_Gwanjo_Gujungu_Da_Sara:
Ni daga Ƙofar Wambai nake saro dila ina bin kasuwannin ƙauye, Lahadi ina Gujungu, Talata ina Sara. Kasuwata ta fi tafiya idan hunturu ya kama, kuma abin da nake gani shi ne uba yana ɗaga rigar sanyi yana gwadawa a bayan ɗansa, yaron yana washe baki tun kafin a gama ciniki. Wannan yaron bai san ma'anar riga ba, bai san wanda ya taɓa sa ta a wata ƙasa ba, abin da ya sani shi ne gobe da asuba ba zai yi karkarwa a hanyar makarantar allo ba. Shawarata kawai ita ce a wanke kayan gwanjo sosai a shanya a rana a goge kafin a sa, saboda warin maganin da suke zuwa da shi da kuma lafiyar fata.

Manomin_Kadawa:
Labarin Inna da na yarinyar Malama sun sa na yi shiru na ɗan lokaci. Zan rage wani abu daga maganata ta farko, amma ba duka ba. Na yarda tsumma yana iya danne mutum idan ba shi ya zaɓe shi ba. Ni na zaɓi nawa, kuma na san da na dawo zan yi wanka in sa wani, shi ya sa bai dame ni ba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa da gwaggo ta aiko da rigar a leda ta hannun ɗan acaɓa, ba ta zo da kanta ba, da tana nan a rataye. Nas, na ji gargaɗinki, kuma gaskiya rigar feshin tawa tare ake wanke ta da ta yara, za a raba daga yau.

Malamin_Garki:
Na gode wa kowa, Allah ya bar zumunci. Bari in ba ku abin da ya biyo baya, domin ya ƙara rikita mini lissafi. Da muka ga abin da ya faru, ni da ƙanena muka haɗa kuɗi muka saya wa Baba sabuwar shadda aka yi mata aikin zamani, muna zaton mun gano magani. Ya karɓa ya sa mana albarka, ya sa ta sau ɗaya, ya ce tana yi masa ƙara a kunne kuma wuyan yana cizonsa, ya ninke ta ya mayar adaka. Tsohuwar mai aska biyun yake nema duk Juma'a. Da na karanta abin da Baba_Marini_Kura ya rubuta sai na tambaye shi asalinta, ya ce mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ita ta sayar da gyaɗarta ta biya aikin wuyan a shekarar da aka haife ni, abin da ban taɓa ji ba sai jiya. Sauran ranakun mako kuwa yana komawa cikin 'yar shararsa, sai dai yanzu yana yarda a wanke ta, kuma yana fita majalisa bayan la'asar, ko da yake ranar Litinin da Talatar nan bai fita ba, abincin rana ma ya bar rabi. Nas, ina ƙirga kwanakin kamar yadda kika ce.

Tela_Wudil:
Malam, sabuwar shaddar sitaci ne ya yi mata yawa, a jiƙa ta a ruwa ta kwana a wanke sau biyu, za ta yi laushi ta daina ƙara. Wuyan kuma a kai wa tela ya sa masa shafi na auduga ta ciki. Amma tsohuwar ce ta fi bukatar kulawa, tun da kusan sa'arka ce. Kada a ƙara murza wurin aikin da hannu ko a buga ta a dutse, a riƙa matsawa a hankali, a shanya a inuwa, a kuma goge ta ta baya. Idan kafaɗar ta fara sakewa, a nemi tsohon maɗinki mai aikin hannu ya tare ta tun kafin ta yage, kada a kai ta ƙarƙashin keke.

Uwar_Biyu_Ringim:
Kuma a aika wa gwaggo ta sake zuwa ranar Alhamis ɗin nan, ko da kuɗin mota ne sai ku biya mata. Ku bar ta ita ta ciro rigar da hannunta kamar wancan karon.